Hular Lammert a Kan Ƙusa

Aikin farko da Renske take yi kowace safiyar kasuwa, tun kafin ta ɗora mai a wuta, tun kafin ta zazzage ƙanƙara a kan kifi, shi ne ta ciro hular yayanta Lammert daga cikin akwati, ta kaɗe ta, ta rataye a kan ƙusar da ke jikin ƙofar rumfa, inda duk mai wucewa zai gani. Shuɗiyar hula ce irin ta masunta, wadda ba ta taɓa shiga teku ba, kamar dai mai ita. Shekara tara ke nan hular tana zuwa kasuwa Laraba da Asabar, ba ta taɓa yin fashi ba. Mai hular kuwa sai an dace.

Dalili shi ne dokar kasuwar garin. Wurin kafa rumfa na mutum ɗaya ne, wanda sunansa ke kan takardar izini, kuma dole shi ɗin ya tsaya a wurin da ƙafarsa. Idan ya cika fashi, sai a karɓe wurin a ba na gaba a layi. Wurinsu kuwa ba ƙaramin wuri ba ne: kusurwar gaban coci, inda kowa ke sauka daga keke. Babansu sai da ya yi shekara goma sha tara yana jira kafin ya same shi. Da ya rasu aka ce ɗa ɗaya kawai za a iya mayar wa da takardar, sai Mama ta zuba musu gahawa a teburin kicin ta ce, "A sa sunan Lammert, shi ne babba. Takarda ce kawai. Ku biyu ne, rabi da rabi." Suka yi musabaha a kan faranti mai biskit uku. Renske har da hawaye, wai ita ta zama abokiyar kasuwanci.

Ƙarfe goma daidai sarkin kasuwa, wani dogon mutum mai suna Bolhuis, yake zagaye da allonsa a hammata. Zai tsaya, ya kalli hular, ya kalli Renske.

"Ina Lammert?"

"Yanzun nan ya zaga banɗaki."

"To, madalla." Ya yi alama a allonsa ya wuce.

Wani lokaci takan canza, ta ce ya je neman canji, ko ya je gyara wa mota tsayuwa. Amma banɗakin ya fi zauna mata a baki. Kuma duk sanda Bolhuis ya juya baya sai ta ji wani ɗan alfahari, ita a dole mai wayo, ta juya hukuma a tafin hannu.

Jolanda, mai soya dankali a rumfar da ke jikin tasu, ba ta da birki a baki. Takan leƙo da matsami a hannu ta ce, "Ke Renske, ku kai bawan Allahn nan asibiti mana. Shekara tara mutum yana banɗaki, ai cikin nan nasa ba lafiya ba."

"Rufe mana baki, kar ya ji."

"Wa zai ji? Hular?"

Ba wai Lammert ba ya zuwa ba ne sam, a yi masa adalci. Ranar Asabar idan rana ta fito, wajen sha ɗaya da rabi, sai ga shi fes da shi yana ƙamshin turare. Ya sauke hular ya kafa a kai, ya buɗe murya yana kiran masu wucewa, ya tsokani tsofaffi, ya ɗaga kifi ta wutsiya ya saka a baki don masu ɗaukar hoto. Mutane suna son sa, ba ƙarya. Jaridar gari ta buga hotonsa sau uku, kuma a ɗaya daga ciki ana ganin gwiwar hannun Renske a gefe. Ta yanke wannan ta ajiye.

"Haka kasuwanci yake," in ji shi. "Kowa da baiwarsa. Ni ne baki, ke ce hannu."

Hannun kuwa yana shan aiki. Haring ƙaramin kifi ne da ake ci ɗanye da yankakkiyar albasa, kuma mutanen garin ba sa yarda da wanda aka gyara tun jiya, sai an gyara shi a gaban idonsu. A cire kai, a tsaga ciki, a zare ƙaya, a kankare fata, a bar wutsiya don riƙewa. Renske tana gama ɗaya kafin mai saye ya gama lalubo kuɗinsa. Ɗari huɗu, ɗari biyar a ranar Asabar, yatsu cikin ruwan gishiri da ƙanƙara tun safe har la'asar. Sauran ranakun mako ita ke zuwa bakin tashar jiragen ruwa zaɓen kifi, ita ke wanke rumfa. Lammert yana taron ƙungiyar 'yan kasuwa, ko yana tunanin yadda za a faɗaɗa harka.

A shekara ta tara hannun ya fara magana. Da fari tsitsitsi ne a yatsu, kamar ta kwanta a kansu. Daga baya babban yatsa da biyun da ke kusa da shi suka riƙa yin sanyi ƙalau ko da ana zafi. Ta yi wata huɗu tana yarfa hannu tana cewa gajiya ce, kafin ta je asibiti.

Likitar, wata mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana, ta jujjuya hannuwan ta ce jijiya ce ta matse a tsintsiyar hannu, duka biyun, amma na dama ya fi tsanani. "Ƙaramar tiyata ce. Sai dai mako shida ba wuƙa, ba ƙanƙara. Kuma ki ji ni da kyau: jijiya ba ta jira. Idan ta mutu, ba mai tashe ta."

Aka ba ta rana a watan Nuwamba.

Ta kai wa Lammert labarin har gida. Ya saurara da fuskar jimami, har da dafa mata kafaɗa. "Kai, ƙanwata, ban ji daɗi ba. Lafiya ai ita ce gaba da komai." Sai ya janye hannunsa. "Nuwamba kika ce? Mako shida ke nan zai kai mu cikin Kirsimeti. Farantan kifin ƙarshen shekara fa? Mutum saba'in sun riga sun rubuta suna. Ni ba na ce kar ki yi ba. Ke dai ki duba."

Ta duba. Ita da kanta ta ɗauki waya ta kira asibiti, da muryarta mai ladabi, ta ce wani uzuri ya taso. Aka mayar da ita Maris.

A Maris bayan Lammert ya riƙe. Ya riƙe sosai, har ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki akwati, ko da yake Jolanda ta rantse ta gan shi ranar Lahadi a kan keken tsere, ya duƙa kamar zai sumbaci kan keken. "Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki," in ji shi da aka tambaye shi. Ga bikin Ista ya matso. Wannan karon ma bai kai ga roƙonta ba. Yana cikin bayanin bayan nasa ta tari numfashinsa ta ce, "Bari kawai in ɗaga." Abin da ya fi ba ta haushi daga baya ke nan, yadda ta riƙa haɗa masa uzuri tun kafin ya nema, kamar mai gyara wa baƙo shimfiɗa. Aka mayar da ita huɗu ga Yuni.

Kafin nan kwanakin sun ƙara lalacewa. Maɓallin riga ya gagare ta, ta koma sa riguna marasa maɓalli tana cewa yayi ne. Makulli yakan faɗi sau biyu kafin ta buɗe ƙofa. Wata safiya ta matsa birkin keke hannun ya ƙi, ta shige cikin shingen furannin maƙwabci, ta tashi tana ba furannin haƙuri. A rumfa ta koyi gyara kifi da ido maimakon da yatsa, tana kallon wuƙar kamar ta wani ce.

"Kin san abin da ke damunki?" in ji Jolanda wata Laraba da ruwa ya kori masu saye. "Ba hannu ba ne. Ke ba ki zaɓi abokin kasuwanci ba, haifa miki shi aka yi. Da a titi kika gamu da Lammert ya ce ku haɗa jari, za ki yarda?"

Renske ta yi dariya. "Ko aron keke ba zan ba shi ba."

"To?"

"To ɗan'uwana ne."

"Oho. Sai ki ci gaba da rataye hula."

Maganar ta zauna mata. Ta yanke shawara za ta faɗi komai ranar bikin haihuwar Mama, tsakiyar Mayu, a gaban kowa, yadda ba mai iya zamewa. Ta haddace jawabin a kan keke, kwana uku tana maimaitawa, har da wurin da za ta ɗaga murya da wurin da za ta yi shiru ta kalle su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar ta zo. An jera kujeru da'ira a falon Mama kamar kullum, duk wanda ya shigo sai ya bi layi yana ba kowa hannu yana taya shi murna, wannan da mahaifiyarsa, wancan da surukarsa, wancan da maƙwabciyarsa. Renske ta bi da'irar ta gama, ta nemi kujerarta, sai Mama ta ce, "Renske, 'yar albarka, duba min gahawar nan." Mai babban jawabi ta wuce kicin. Ta yanka kek, ta jera kofunan auren Mama masu bakin zinariya a kan tire, ta ɗauko. Taku huɗu ta yi. Ba ta ji lokacin da tiren ya bar hannunta ba, ƙarar kawai ta ji.

Mama ta dafe ƙirji. "Kofunana! Shekara hamsin da biyu ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba!"

"Ke ma dai," in ji Lammert daga kujerarsa, da kek a cokali. "Sai ki riƙa lura mana."

Me jarumar ta yi? Ta durƙusa tana tsince fasassun tana cewa, "Yi haƙuri, Mama, yi haƙuri." Daga nan ƙasan, gwiwa a cikin gahawa, ta yi jawabin nata, abin da ya rage daga cikinsa. "Hannuna ne. Huɗu ga Yuni za a yi min aiki. Wannan karon ba zan ɗaga ba."

"Huɗu ga Yuni?" Lammert ya ajiye cokali. "Sabon haring yana sauka tsakiyar Yuni, Renske. Makon da ya fi kowane mako a shekara. Wa zai gyara kifin?"

"Kai."

Aka yi dariya a da'irar, har da shi. "Ni? Kin san hannuna. In na taɓa kifi sai ya koma kamar mota ta taka shi. Ke Allah ya ba wannan, ni ban yi miki hassada ba."

"To a ɗauki wani na mako shida."

"Baƙo a rumfar Baba?" Mama ce ta faɗa. "Babanku ya yi shekara arba'in a wurin nan, da sanyin ƙashi da komai, ban taɓa jin ya ce zai kwanta a makon sabon kifi ba. Ciwon hannu wa bai yi ba? Ni da na haife ku ina wanke akwatunan kifi har ranar da naƙuda ta kama ni. Ki sa safar hannu mai kauri. Bayan Yuni sai ki je a yi miki duk abin da za a yi, ba mai hana ki."

"Likita ta ce jijiyar..."

"Likitoci ai sai su tsorata mutum. Yau ranar haihuwata ce, Renske. Ban sani ba ko zan ga wata."

Shi ke nan, an gama da ita. Washegari ta kira asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce, "Karo na uku ke nan fa." Renske ta ce ta sani, har da 'yar dariyarta, kamar an yaba mata.

Asabar ɗin farko ta sabon kifi, layi ya miƙe daga rumfa har ƙofar coci tun ƙarfe tara. An kafa 'yan tutoci, albasa ta cika roba. Hula tana kan ƙusa. Lammert ya tafi bakin teku, inda manyan 'yan kasuwar kifi ke bikin buɗe gangar farko ta sabon kifi, domin a cewarsa dole a ga fuskar rumfar a irin wannan wuri.

Renske tana ta aiki, kai a sunkuye. Cire kai, tsaga, zare, kankare, miƙa. Ta miƙa wa wani dattijo nasa a kan 'yar takarda, sai ta ga bai karɓa ba.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "albasar nan ja ce."

Ta duba. Albasar ja ce, katakon ja ne, gaban rigarta ja ne. Wuƙar ta ratsa safar ta shiga babban yatsanta na dama har kusa da ƙashi, ta yaya ma, yaushe ma, ba ta sani ba. Ba ta ji komai ba. Wannan rashin jin shi ya tsorata ta fiye da jinin, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Jolanda ta bar dankalinta a cikin mai ta zagayo da tawul, ta ɗaure yatsan tana zagin duk dangin kifi. Ta ciro wayar Renske ta kira Lammert ta kara mata a kunne. Ana jin kiɗa da hayaniya ta can.

"Na yanke, Lammert. Sosai. Ka zo."

"Ash! Sannu. Yanzu fa za a fara jawabi, kuma an sa ni a gaba. Akwai filasta a akwatin sama. Ki nannaɗe ki ɗora safa biyu. Layi fa, da mutane?"

"Har coci."

"Kin gani! Daure, ƙanwata, yau ce ranar. Zan zo kafin a tashi."

Ya kashe. Agogon coci ya buga goma, sai ga Bolhuis da allonsa, ya ratso layin. Ya kalli hular. Ya kalli tawul ɗin da ya jiƙe. Ya kalli Renske.

"Ina Lammert?"

Bakinta ya buɗe da kansa, don ya saba. Kalmar banɗaki ta zo har kan harshe. Ta tsaya tana kallon hannunta, wanda aka ɗaure kamar ƙunshin kifin wani.

"Ba ya nan," ta ce. "Yana bakin teku ana ɗaukarsa hoto. Laraba ma bai zo ba. Shekara tara ke nan ba ya zuwa sai ya ga dama. Ni nake rataye hular."

Ta jira ƙasa ta tsage. Bolhuis ya sauke numfashi, ya ciro alƙalami.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Haba Renske. Banɗakin kasuwar nan ɗaya ne, kuma makullinsa a aljihuna yake kwana. Mai furanni ya sani, mai cuku ya sani, limamin cocin nan ma ya sani. Ni abin da aka faɗa min nake rubutawa. Na yi ta tambayarki ne ko wata rana za ki gaji."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Shekara tara tana taƙama ta iya ƙarya, ashe gari guda ne ya taru yana tausaya mata. Dariya ta ƙwace mata, irin mai haɗe da hawaye, ta yi ta yi har dattijon mai albasa ya ja da baya. Sannan ta miƙa hannun hagu ta sauke hular daga ƙusa, ta ajiye ta a kan ƙanƙara tsakanin kifaye, ta jawo murfin rumfar ta rufe a gaban mutum sittin. Jolanda ta kai ta asibiti, aka yi mata ɗinki biyar.

Cikin mako wasiƙar hukumar kasuwa ta iske Lammert: ko ya tsaya a wurinsa da kansa, ko ya rasa shi. Ya zo gidanta da takardar a hannu, fuska ja.

"Ƙarata kika kai? Ni? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Tambayata aka yi na ba da amsa. Kuma na fita, Lammert. Na gama."

"Kin fita daga me? Ina ce komai tare muke yi."

"To a raba, rabi da rabi."

A nan ne ya ɗan yi tari, ya ce ai ita ma ta san yadda abin yake. Takardar wuri da sunansa. Rumfar da motar da ke janta, da sunansa aka saya, don sauƙin cike takardu. Sunan da ke rubuce a saman rumfa na Baba ne, ba a raba suna. Shi ba ya son su yi rigima a kan kayan duniya. Renske ta lissafa abin da musabahar teburin kicin ta bar mata, ta ga wuƙa ɗaya ce da hoton gwiwar hannu. Ta ɗauki wuƙarta.

Mama ta yi mako biyar ba ta ɗaga wayarta. Da ta ɗaga, abin da ta ce shi ne, "Da kin faɗa mana abin ya kai haka, ai da an san yadda aka yi. Ke ba kya magana, sai dai ki fashe."

An yi aikin a ƙarshen Yuli, dama da fari, hagu daga baya. Hagun ya warke sarai. Na daman kuwa, likitar ta ɗauki wani ɗan tsinke tana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Nan fa? Nan fa?" Ƙaramin yatsa ya amsa, na kusa da shi ya amsa, na tsakiya ya amsa sama-sama. Babban yatsa da manuni shiru.

"Zai dawo?"

"Wataƙila kaɗan. Ba na so in yi miki alkawari." Ta duba takardun gabanta. "Da a Nuwamba kika zo, da wata maganar muke yi."

Renske ta ce ta gode. Ta fito ta zauna a kan benci wajen ajiye kekuna ta yi kuka sosai. Ba za ta ƙara gyara haring ba, abu ɗaya da ta fi kowa iyawa a garin nan, kuma ba wani ne ya kira asibitin sau uku ba, ita ce.

Jolanda ce ta zo mata da takarda a watan Satumba. Tana da tsohuwar ƙaramar rumfa a bayan gida tana tsatsa. Ita za ta kawo rumfar da dankali, Renske ta kawo sanin kifi ta tsaya ta soya, tunda suya ba ta bukatar yatsa mai ji sosai. Takardar izini da sunan Renske. Shafi biyu ne, kuma abin da aka fara rubutawa a sama shi ne yadda za su rabu idan ɗaya ta gaji, da wa zai ɗauki me.

"Tun ba mu fara ba kina maganar rabuwa?"

"Da ke nake so mu rabu muna gaisawa. Karanta duka, kar ki yi min hawaye a kai. Kuma ranar da kika ga na fara rataye miki hula, ki kore ni."

Renske ta karanta sau biyu, ta sa a gyara layi ɗaya, don dai ta ji yadda abin yake. Ta sa hannu da hagu, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya.

Sabon shiga ba shi da wurin kansa. Sai ya zo ƙarfe takwas ya tsaya da sauran sababbi, a ga wuraren da masu su ba su zo ba, a yi ƙuri'a. Haka Renske, mai shekara arba'in da tara, wadda aka yaye ta a kusurwar gaban coci, ta tsaya cikin yayyafi tsakanin mai sayar da safa da mai sayar da murfin waya. Bolhuis ya miƙo jakar da ke ɗauke da 'yan ƙwallayen katako masu lamba. Ta zura hannun dama, don sabo. Ta laluba, ta laluba. Ta san suna ciki, tana jin ƙararsu, amma yatsun ba su gaya mata komai ba. Bolhuis ya kau da kai yana kallon hasumiyar coci kamar yau ya fara ganinta. Ta zare hannun ta sa na hagu.

Lamba bakwai. Can ƙarshen kasuwa, jikin banɗaki.

"Tafɗi," ta ce. "Ashe unguwar Lammert aka kawo ni."

Wajen goma saura, tana juya kifi a mai, sai ga Lammert ya taho da sauri, hula a kai, gaban riga duk ɓawon kifi. Ya ɗauki mutum biyu aiki, baƙi a rumfar Baba, kuma duk da haka sai ya sa hannu. Ya tsaya a gabanta yana shaƙar ƙamshin suyar, ya rasa ta inda zai fara. Sai ya miƙo mata hannuwansa, jajaye, sun faffashe.

"Kin san ƙanƙarar nan tana cin hannu kuwa? Jiya yatsana har wani tsitsitsi yake yi. Mama ta ce in je asibiti gobe-goben nan, wai hannu ba abin wasa ba ne."

Renske ta kalle shi. Ba ƙeta a fuskarsa, ko kaɗan. Da gaske labari yake ba ta.

"Gaskiyar Mama," ta ce. "Ka je. Kar ka ɗaga."

"Zan je." Ya waiga wajen coci, ya rage murya. "In Bolhuis ya biyo ta nan yana nemana, ki ce masa na zaga banɗaki. Wallahi yau da gaske ne."

"Faɗa masa da bakinka. Ai kai ne baki."

Ya shige yana gunaguni. Ta juya ga kaskonta, ta tsame kifin, ta zuba a takarda, ta yayyafa gishiri. Sai da ta miƙa wa mai saye ta lura da wani farin ƙurji ya taso a kan manuninta na dama, inda mai ya fallatsa. Ko yaushe ya ƙone ta, oho. Ta tsoma yatsan a ruwan sanyi, don an ce haka ake yi, ta ɗaga kai ta ce, "Na gaba."